Bututun da Muka Yanka a Gonar Kawu: Nazarin Mutuwar Kaji a Wajen Jos

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, da ya yi ritaya sai ya zuba kuɗin sallamarsa a kiwon kaji. Gonar tana wajen Babale, idan an fita daga Jos ta hanyar Bauchi: dogayen ɗakuna biyu, rijiyar burtsatse, da baƙin tanki mai cin lita 1,000 a bisa ƙarfe. Kajin nama yake zubawa, 1,500 a kowane zubi. Shekarar farko sai hamdala. Da ciniki ya kankama sai ya kwashe robobin ruwan nan na hannu, ya sa aka ja masa bututun roba mai nipul, irin wanda kaza ke tsattsaga ruwa ya ɗigo mata a baki. Dalilinsa mai kyau ne: garin katakon da ke ƙasa ya daina jiƙewa, kaji su daina kashi a ruwan shansu, yaron gona kuma ya huta da wankin robobi safe da yamma. Ni ma da ya nemi shawarata, da yake aikin likitan dabbobi nake yi, cewa na yi ya sa.

Zubi biyu suka wuce lafiya a kan sabon bututun. Daga na uku abu ya ɓaci, kuma salon ɓacin ɗaya ne kowane karo. 'Yan tsaki su tashi garau, su yi kwana goma sha wani abu suna ci suna sha. Da an shiga sati na uku sai ka ga wasu sun takure a lungu, gashi a tashe, fuka-fuki a sake, suna numfashi da ƙyar, ga zawo. Gari ya waye a kwashe matattu. A sa magani a ruwa, mutuwa ta tsaya cak. A gama kwana biyar na magani, a yi sati guda ana murna, sai ta dawo. Haka aka yi a zubi na uku, haka a na huɗu. Na biyar shi ne na kasuwar Kirsimeti, zubin da duk mai kiwon kajin nama a Jos yake ɗora wa buri. A kansa ne Kawu ya buga mini waya da asuba.

Abin da na gani, da abin da ya wuce ni

Na isa kafin hantsi, cikin sanyin nan na Disamba mai sa yatsu su ƙage. Jos tana kusan mita 1,200 sama da teku, shi ya sa mai kaji a nan da sanyi yake yaƙi: an rufe tagogi ruf da tamfol, kaskon gawayi na ci a tsakar ɗaki. Ina shiga warin kashin kaji ya yi mini yaji a ido. Iskar amoniya ke nan, tana ƙona hanyar numfashin kaza ta buɗe wa cuta ƙofa.

Na feɗe guda biyar daga cikin waɗanda suka mutu a daren. Huɗu hotonsu ɗaya. Hanta da zuciya a lulluɓe da wani abu fari mai ɗan rawaya, kamar yanar madara mai kauri, har kana iya kama gefensa ka ɓare. Jakunkunan iska, waɗanda a lafiyayyar kaza suke garai-garai kamar sabuwar leda, sun yi hazo da mugunya. Duk wanda ya saba feɗe kaji ya san wannan aikin bakteriyar E. coli ne. Na ɗebi samfur daga hanta da zuciya na kai ɗakin gwaji. Kashegari ƙwayar ta tsiro a faranti, ja-ja mai ruwan hoda, yadda E. coli ke fita a farantin renon ƙwayoyin cuta da ake kira MacConkey. Aka yi gwajin magani: a shafe faranti da ƙwayar, a ɗora ƙananan takardu kowace da nata maganin, a bari ya kwana a ɗumin digiri 37. Maganin da ke cinta sai ka ga fili fes kewaye da takardarsa. Oksitetrasaikilin da amoksisilin ko gezau. Enrofuloksasin da jentamaisin kuwa sun share fili sosai.

Na kuma ɗebi ruwa. Na buɗe famfon tanki na tara a kwalba, na danna wani nipul na kusa da ƙofa na bari ya ɗan zuba, sannan na tara. Sakamakon ya fito da 'yan ƙwayoyi kaɗan, ba abin ɗaga hankali ba. Na ce wa Kawu ruwansa ba shi da laifi. Wannan magana tawa ta ci masa kaji masu yawa, kuma har yau tana damuna.

Muka sa enrofuloksasin kwana biyar, muka ɗaga tamfol da rana don iska ta shiga. Mutuwa ta tsaya. Kwana takwas ta dawo.

"Likita," haka yake kirana tun ina makaranta, "maganin nan na jabu ne. Mai shagon nan ya cuce ni."

"Kawu, ku yi haƙuri. Da jabu ne, da mutuwar ba ta tsaya ba ko na kwana ɗaya."

"To yaron nan ne. Ko ba ya sawa yadda ka ce, ko yana ɗiba yana sayarwa."

Yaron yana tsaye a bakin ƙofa kansa a sunkuye. Bai kai shekara ashirin ba, a gonar yake kwana, shi ke tashi cikin dare ya ƙara gawayi. Da Kawu ya shiga mota yin waya sai ya matso kusa da ni.

"Yallaɓai, akwai abin da nake so in nuna maka, amma kada Baba Alhaji ya ce kare kaina nake yi."

Ya ja ni can ƙarshen layi, nesa da tanki. Ya ce nipul ɗin wajen kullum toshewa suke, sai ya sa tsinken tsintsiya ya zungura. Ya zungura ɗaya a gabana. Abin da ya biyo tsinken ya ja zare kamar miyar kuɓewa.

Ba mu iya taɓa bututun ba sai da aka sayar da ragowar kajin. Ranar da ɗaki ya zama fanko na sa aka kawo zarto muka yanke taƙi ɗaya daga ƙarshen layin. Waje fari tas. Na zura yatsa ciki na murza, ya fito da yauƙi ruwan ƙasa-ƙasa, mai santsi, yana warin tsamin gasarar da ta kwana biyu. A wajen gwiwar bututun ya fi kauri, sai da na sa farce na kankaro. Na miƙa wa Kawu guntun. Ya daɗe yana leƙa cikinsa.

"Amma duk zubi sai na sa an zuba bilic a tankin nan," in ji shi.

Gaskiya ya faɗa. Na goga auduga a bangon bututun na kai gwaji, faranti ya cika maƙil har ba a iya ƙirga ƙwayoyin ɗaya-ɗaya. Akwai E. coli, akwai kuma wata bakteriyar mai suna Pseudomonas, wadda ke rina faranti kore. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Mene ne wannan yauƙin

Masana suna kiransa bayofim. Ni na fi son in ce yanar bakteriya, domin manomi ya fi saurin ganewa. Kowa ya san shi ko da bai san sunansa ba: shi ne santsin da ke cikin randar da aka daɗe ba a wanke ba, shi ne dattin da ke taruwa a gindin haƙori. A haƙori ma aka fara ganinsa. A 1683 Antonie van Leeuwenhoek, mutumin Delft a ƙasar Holan, ya kankaro dattin haƙoransa ya duba a gilashin da ya ƙera da hannunsa, ya ga ƙananan halittu suna motsi. Ya kuskure baki da ruwan tsami na binega ya sake dubawa, sai ya tarar na saman dattin kaɗai suka mutu, na ciki suna nan da ransu. Matsalar gonar Kawu ke nan, an rubuta ta shekara ɗari uku da wani abu da suka wuce. Sai a 1978 Bill Costerton da abokan aikinsa suka fito da bayanin cewa yawancin bakteriya a duniya a manne suke rayuwa, cikin jama'a, ba a warwatse cikin ruwa ba.

Ƙwaya ta samu bango ta manne. Ta hayayyafa. Sai su fara fitar da wani danƙo da suke haɗawa daga sukari mai dogon zare, furotin da DNA, su gina wa kansu gida da shi. Idan yanar ta ƙosa, danƙon ya fi ƙwayoyin da ke cikinsa yawa nesa ba kusa ba. Akwai 'yan hanyoyin ruwa a ciki da ke kai abinci. Lokaci zuwa lokaci gefe ya ɓalle ya bi ruwa, ya je ya kafa sabon zango, ko ya faɗa bakin kaza. A nan kuskurena yake. Ruwan da na tara a kwalba ya wuce ne ta tsakiyar bututu. Idan ba a dace da lokacin da yanar ta saki ba, ruwan zai fito da tsabta alhali bango na ɗauke da miliyoyi. Bango ya kamata in gwada, kuma a ƙarshen layi.

Da na zauna da littafin gonar sai na ga mu da kanmu muke kiwon abin. Ranar da 'yan tsaki suka iso, gulukos da bitamin a tanki. Kwana biyar na farko, maganin antibayotik na "kariya", wanda kusan kowa ke sawa ba tare da kaza ta yi ciwo ba. Ranar rigakafin Gumboro ko Lasota, a tsayar da bilic tun kwana biyu kafin nan don kada ya kashe rigakafin, a zuba garin madara a ruwa don ya kare shi. Duk ta bututun nan suke bi. Ga ɗakin reno da ake riƙe wa zafi tsakanin digiri 32 zuwa 35 a satin farko, ga 'yan tsaki ba sa shan ruwan kirki, ruwa ya yini ya kwana a bututu bai motsa ba. Sukari, madara, ɗumi, da ruwa a tsaye. Ko a ɗakin gwaji iyakar gatan da muke yi wa bakteriya ke nan. Sati na uku kuma, da kaji suka girma suka fara jan ruwa da ƙarfi, shi ne lokacin da yanar ke ɓallewa ta bi su.

Dalilin da bilic bai ci ba

Kulorin, sinadarin da ke cikin bilic, mugun makashi ne ga bakteriyar da ke yawo ita kaɗai. Rauninsa shi ne ba ya zaɓe: duk dattin da ya fara karo da shi a kansa yake ƙarewa. Idan ya tarar da yana sai ya ƙone samanta, ƙarfinsa ya ƙare a nan, na ƙasa ko labari. An auna wannan. A 1994 Dirk de Beer da Philip Stewart da abokin aikinsu, a Jami'ar Jihar Montana ta Amurka, suka cusa wani siririn ma'auni cikin yanar da ruwan kulorin ke bi ta kanta, suka tarar abin da ke isa ciki yawanci bai wuce kashi 20 cikin 100 na wanda ke cikin ruwan ba. Kafin su, a 1988, Mark LeChevallier ya nuna cewa bakteriyar da ta manne a bango takan fi ta cikin ruwa jure kulorin ninki 150 har zuwa sama da 3,000.

Na gwada a gonar da 'yar takardar auna kulorin. A tanki takardar ta canja launi. A nipul na ƙarshe ta fito yadda ta shiga. Murfi biyu na bilic da Kawu ke zubawa a lita 1,000, kafin ruwan ya yi rabin tafiya yanar ta shanye shi. An kashe maciji ba a sare kansa ba, da ruwan gulukos ya dawo sai na ƙasa su tashi su gyara gidansu cikin 'yan kwanaki.

Dalilin da magani ke ci kuma ba ya ci

Nan ne Kawu ya fi rikicewa, kuma yana da hujja: takardar gwaji ta ce magani na ci, an saya, an sa, ga shi cuta ta dawo. Amsar ita ce takardar ba ta yi ƙarya ba, amma ƙwayar da aka raba da gidanta aka gwada. A 1985 Curtis Nickel da Costerton suka bar Pseudomonas ta yi yana a kan robar fitsari irin ta asibiti, suka jiƙa ta awa 12 a maganin tobramaisin mai ƙarfin maikurogiram 1,000 a kowace mililita, ta tsira. Irin wannan ƙwayar, idan tana yawo a ruwa, maikurogiram 50 ya isa ya kashe ta. Ba halittarta ce ta canja ba, zamanta ne ya canja.

Danƙon yana tare wasu magunguna, amma ba shi ne babban dalili ba. Can ƙasan yana babu isasshiyar iska, babu abinci, ƙwayoyin sun lafa kamar kwaɗo a rani. Yawancin antibayotik kuwa mai aiki suke kamawa: wanda ke gina bangon jikinsa, ko yake kwafar DNA don ya rabu biyu. Wanda ya yi lamo babu inda za a kama shi. Joseph Bigger ya ga haka a 1944, lokacin da fenisilin ke sabo: kullum sai 'yan kaɗan sun rage, kuma idan suka farfaɗo 'ya'yansu ba su fi iyayensu ƙarfi ba. Don haka maganin yana warkar da kazar da ta sha, ya share abin da ke yawo a ruwa, ya bar tushen a bango. Da an janye shi bututu ya sake ɗura wa kaji.

Wannan juriya ce, kuma tana gushewa da an rushe gidan. Abin tsoron shi ne tana haifar da bijirewa ta gaske, wadda ke shiga jini a gada. A cikin yana ƙwayoyi na manne da juna, iri daban-daban, suna miƙa wa juna 'yan guntayen DNA masu ɗauke da dabarun kauce wa magani. Ga kuma magani na bi ta kansu kullum, ba mai ƙarfin da zai kashe ba, sai dai ya tace ya bar masu taurin kai. E. coli ɗin da muka samu a bangon bututun, da aka ɗora mata takardar enrofuloksasin, har jikin takardar ta tsiro. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Wannan ya wuce asarar kaji. Enrofuloksasin ɗan ɗaki ɗaya ne da sifrofuloksasin da ake ba mutane don taifot da ciwon mafitsara. Jikin dabba ma yakan mayar da wani kaso nasa sifro. Amurka ta hana ba kaji shi tun 2005 saboda haka. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.27 suka mutu a 2019 kai tsaye saboda bakteriyar da ta bijire wa magani, kuma yankin da abin ya fi tsanani a duniya shi ne namu, Afirka ta Yamma. Kashin kajin Kawu manoman lambu ke saya buhu-buhu, su zuba wa kabeji da latas da karas ɗin da ake lodi a Farin Gada. A ganina duk likitan da ya rubuta wannan magani karo na biyu a gona ɗaya bai leƙa cikin bututu ba, ya yi ganganci. Ni ma na yi.

Abin da muka yi

Da yake ɗakin ba kaji, mun samu sarari. Muka sauke tankin, yaron ya shiga da buroshi da sabulu ya goge bango da gindi, inda laka ta kwanta. Tiyon da ya haɗa tanki da layi fari ne mai nuna ciki, rana ta sa gansakuka ta yi kore a cikinsa, muka jefar muka sa baƙi. Gwiwoyi da ƙarshen layin da suka fi kauri ba mu tsaya wahala da su ba, mai gyaran famfo ya canja su, ya kuma sa famfo a ƙarshen kowane layi don a riƙa sakin ruwa.

Sauran bututun muka fara kora masa ruwa da ƙarfi, sannan muka cika shi da haidirojin feroksaid, irin mai ƙarfin kashi 50 da ake sayarwa don wannan aiki, lita 3 a cikin lita 97 na ruwa. Amfaninsa shi ne yana tafasa ya yi kumfa a jikin danƙon ya ɗaga shi daga bango, abin da bilic ba ya yi sosai. Aka bi kowane nipul aka danna don maganin ya shiga cikinsa, aka bar ƙarshen layi a ɗan buɗe saboda iskar da ke taruwa, aka bar shi awa 24. Da safar hannu da tabarau ake wannan aiki, don yana ƙona fata. Da muka saki ruwa kashegari, abin da ya fito a bokiti kamar an wanke hanji. Sai da muka maimaita, a karo na biyu ne ruwa ya fito fari. Na gargaɗi yaron da kakkausar murya kada ya taɓa haɗa bilic da wani abu mai tsami a tanki, domin hayaƙin da ke tashi guba ne.

Sai bayan an kankare ne kulorin ya samu aikin da zai iya, wato hana sabuwar yana kafuwa. Yanzu ba da murfi ake awo ba. Ana ƙara bilic har sai takarda ta nuna miligiram 3 zuwa 5 a lita a nipul na ƙarshe, ba a tanki ba. Rigakafi da gulukos sun koma robobin hannu, a gama a wanke a kife. Duk abin da dole ya bi ta bututu, da an gama a kora ruwa. A sati biyu na farko ana sakin ruwan layi kowace safiya. Antibayotik na "kariya" kuwa na roƙi Kawu ya bari. A nan muka fi daɗewa muna ja, domin duk abokan kiwonsa suna sawa, amma ya yarda ya gwada zubi ɗaya. Tamfol ma an yanka masa tagogi ta sama. Ba na ɗora wa bututu laifin duka, domin E. coli na zaune a hanjin kowace kaza, kuma amoniyar ɗakin nan ta taya ta ɓarna.

Zubi na shida ya shiga sati na uku Kawu na kirana safe da yamma. Sati na huɗu ya rage kira. An yi asarar 'yan kaɗan irin wadda ba a rasa ba a kowane zubi, na feɗe biyu ban ga farin abin nan mai lulluɓe hanta ba. Har aka sayar ba a buɗe kwalbar antibayotik ba. Na bakwai ma haka. Enrofuloksasin dai na cire shi daga lissafin gonar.

Ranar da aka kwashe zubi na shida, Kawu ya kira yaron gaban kowa ya roƙe shi ya yafe masa zargin da ya yi masa, ya ƙara masa albashi. Mai gyaran famfon ya bar mana wata gaɓa mai murɗawa a ƙarshen kowane layi. Duk Juma'a da safe yaron yakan kwance ta, ya zura yatsa ya murza bango, ya shinshina, ya rubuta abin da ya ji a littafin gona kafin ya tafi masallaci.